Karɓar lis ɗin motar wani a Amurka, ko sabo, ko kawai ka sayi ta hannu?

Ƴan uwa da suka shigo Amurka kwanan nan suna yawan yi min wannan tambayar, musamman ɗalibai da masu aikin shekara ɗaya ko biyu, wai wani ya ce zai bar musu motarsa su ci gaba da biyan kuɗin wata. Toh bari in faɗi yadda nake ganin abin.

Shi lis haya ce ta dogon lokaci, galibi wata 36, motar ta kamfani ce ba taka ba, kana biya duk wata in lokaci ya cika ka mayar ko ka saye ta a farashin da aka rubuta tun farko. Wani sai ya gaji a tsakiya, ko aiki ya mayar da shi wani gari, ko iyali sun ƙaru motar ta yi kaɗan, kuma fasa yarjejeniyar tsada ne da shi sosai, shi ne zai nemi wanda zai karɓa. Kamar dai yadda ake karɓar adaidaita a hannun wani a Kano a ci gaba da kai balas, sai dai nan komai a takarda yake. Akwai shafuka irin Swapalease da LeaseTrader da aikinsu kenan, haɗa mai son fita da mai son shiga.

Daɗin abin, kuɗin farko da aka ajiye wa dila wancan ya riga ya biya, kai wata goma ko sha biyar kawai ya rage maka, motar sabuwa ce kusan, kuma Toyota da Honda garantinsu shekara 3 ne ko mil 36,000, kaga in inji ya samu matsala ba aljihunka ba ne. Wasu ma har kuɗi suke ɗorawa a kai don a rabu da su.

Amma wallahi kafin ka kalli fenti ka kalli mil. Nan ne ake shan mutane. Yawanci mil 10,000 ko 12,000 ake bayarwa a shekara, duk mil ɗin da ya hau kai kuma ana cajin santi 15 zuwa 30. A ce jimilla 36,000 ne, mutumin ya cinye 30,000 cikin wata 24, ya bar maka 6,000 na shekara guda, kai kuma wurin aikinka da nisa ka yi 12,000, a santi 25 dala 1,500 kenan za ka biya ranar mayarwa, ban da kuɗin mayarwar kansa da yakan kai dala 300 zuwa 500, ban da ƙarzuna da lotsewa da tayoyin da suka suɗe, waɗanda ko shi ya yi su kai za a tambaya tunda sunanka ne a ƙarshe. Don haka ka kai ta wajen makaniki, ka duba tarihin motar a shafin Carfax da lambar bodin, ka ɗau hoton kowane lungu.

Sannan dole ta hannun kamfanin da ya ba da lis ɗin za a bi. Za su duba kiredit ɗinka, wato tarihin yadda kake biyan bashi, za su caji kuɗin canja suna, wasu kamfanonin ma ba sa yarda a canja gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne irin namu na amana, a ce ai ɗan gida ne, karɓi makulli kawai ka riƙa turo min kuɗin. Don Allah kar ka yi. In ka tura masa kuɗin shi kuma bai biya kamfanin ba za a zo a ɗauke motar a ƙofar gidanka, in hatsari ya faru inshora na iya ƙin biya tunda ba sunanka, zumunci ma ya lalace a banza.

Sabon lis kuwa sai mai kiredit mai kyau da ya san zai zauna shekara uku, kai za ka zaɓi mota da yawan mil, amma za ka ajiye kuɗi da farko. Kuma duka biyun cikin kuɗin watan akwai wani kaso da ake lissafawa kamar kuɗin ruwa, mai kaffa-kaffa ya tambayi malaminsa tukuna.

Ni dai ga sabon zuwa da bai gina kiredit ba, ta hannu na fi so. Ka tara ka sayi Corolla ko Camry da kuɗi hannu, ba mai ƙirga maka mil, inshorarta ta fi sauƙi saboda motar lis dole sai cikakkiyar inshora, gyara dai naka ne wannan gaskiya ne, amma ranar da za ka koma ka sayar ko ka loda ta jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ko Tema. Masu niyyar Uber kuma su karanta takardar da kyau, yawancin lis na mutum ɗaya ya hana yin haya da motar, a birnin New York ma sai tana da lambar TLC, wato hukumar kula da motocin haya ta birnin, kafin ka ɗau fasinja ko ɗaya.