Batirin babur na yoyo: a gyara shi ko a sayi sabo?

Ɗan'uwa, ka ce ka buɗe murfin gefen babur ɗinka ka tarar akwatin batir ya jiƙe, kawunan batirin sun yi farin gari kamar gishiri, fentin wurin har ya fara tashi. Wani mai gyara ya ce a liƙe da gam a ƙara ruwa, wani kuma ya ce ka yar ka sayi irin wanda ba a zuba wa ruwa. Abin da zai raba gardamarsu shi ne inda ruwan yake fitowa, kuma da kanka za ka iya ganowa.

Amma don Allah kada ka taɓa ruwan nan da hannu tsirara. Asid ne, yana cin fata da tufafi da ƙarfe. Kashe mashin, zare makulli, sa safar hannu ta roba. Fara kwance baƙar waya, sannan ja, domin baƙar tana haɗe da ƙarfen babur; idan ka fara da jar, sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi. Batir kuwa yana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, saboda haka babu sigari, babu ashana a wurin. Wanke akwatin da ruwan bekin soda. Idan babu, jiƙa kanwa, ita ma tana kashe kaifin asid. Ka yi ta zubawa har kumfa ta daina tashi, sannan ka ɗauraye, amma kar ɗigo ɗaya ya shiga cikin batirin. Idan asid ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, a wuce asibiti.

Yanzu goge batirin ya bushe, ka ajiye shi a tsaye bisa kwali ya kwana. Da safe kwalin zai nuna maka.

Idan ƙasa da gefuna a bushe suke, daga sama ruwan ya fito, wannan batir ne da ake gyarawa. Ko dai an cika shi ya wuce layin sama, ko babur ya faɗi, ko wani murfi ya saki, ko kuma siririn tiyon nan na gefe da ke fitar da iska ya cire ko ya toshe. Mutane da yawa suna raina tiyon nan, alhali shi ke kai ɗigon asid ƙasa, nesa da sarƙa da wayoyi. Mayar da shi ba ya cin ko minti biyar.

Sai babban dalilin da aka fi tsallakewa, wato caji ya yi yawa. Ka sa mai gyara ya ɗora mita a gabanka. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12.6 idan mashin na kashe. Idan an tayar an ɗan ja wuta, ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Da zarar ka ga ya haura 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita cajin da ke shiga batir, ta lalace, tana dafa ruwan batirin ne har ya tafasa ya yi ambaliya. Na taɓa sauya batir biyu cikin 'yan watanni kafin wani makanike ya auna ya nuna min cewa laifin na rektifaya ne, tun daga nan ba na barin a sa min sabo sai an auna.

Wajen ƙarin ruwa ma a kula. Abu biyu ake kira ruwan batir a kasuwa: asid, da tataccen ruwan da aka samo daga tururi. Na biyun ake ƙarawa, domin ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Ruwan rijiya ko na leda yana da gishirin da ke lalata farantan ciki.

Idan kuwa jikin batirin ya tsage, ko ya kumbura, ko ruwa na tsatsowa ta gindin kan da ake ɗaura wa waya, to maganar gyara ta ƙare. Robar jikin batir ba ta riƙe gam sosai, ga asid a ciki, ga zafin inji, ga girgizar hanya. Liƙin zai yi kwana kaɗan ya buɗe, a lokacin kuma asid ya riga ya ci wayoyi da ƙarfen da suka fi batirin tsada.

In ta kama sai sabo, ga yadda nau'o'in biyu suke. Mai ruwa galibi ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana da haƙuri: ko caji ya ɗan yi yawa, ka ƙara ruwa ya ci gaba da aiki. Sai dai yana son kulawa, musamman a zafin Maris da Afrilu da ruwa ke saurin ƙafewa, sai ka riƙa leƙa layin duk bayan mako biyu ko uku. Rufaffen, wanda ake rubuta wa MF ko AGM, asid ɗinsa a jiƙe yake cikin wata tabarma ta zaren gilashi, shi ya sa ko babur ya kwanta ba ya zuba, kuma ya fi jure gargada. Rauninsa shi ne ba ya yafe cajin da ya wuce kima: zai bushe daga ciki ya kumbura, kuma ba a buɗe shi a ƙara komai. Ga mai acaɓa ko mai bin hanyar ƙauye kullum, ni rufaffen zan zaɓa, da sharaɗin an auna rektifaya tukuna. Ka tafi da tsohon shago don a dace da girma, da gefen da kowane kai yake, da lambar jikinsa. Misali 12N5-3B na nufin volt 12 mai Ah 5, wato ma'aunin yawan cajin da yake iya riƙewa. Wajen ɗaurawa jar waya ce farko, baƙa a ƙarshe, ka shafa ɗan basilin a kawunan.

Tsohon kuwa kar ya kwana a tsakar gida inda yara ke wasa, kar a juye ruwansa a kwata. Cikinsa dalma ce, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar ƙurar haƙar zinare. Ka sa shi a tsaye cikin leda mai kauri, ka kai wa mai sayar da batir ko masu sayen tsoffin batura, za su ma ba ka ɗan wani abu ka rage kuɗin sabon.