Qatar Masters ko Tata Steel: wace gasar ces ce ta fi wuyar ci?

Ƙanena da ya yi tambaya, ga amsarka. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba, cewa ya yi ya ji labarin Magnus Carlsen, na ɗaya a duniya a wasan ces (chess, wato dara mai sarki da dawaki), ya sha kashi a hannun wani ɗan Kazakistan da ba a san shi ba a gasar Qatar Masters ta 2023. Shi kuwa a saninsa buɗaɗɗiyar gasa ta masu neman suna ce, manya gasar gayyata suke bugawa, irin Tata Steel ta ƙasar Holan. To wace ce ta fi ƙarfi, kuma me ya kai na ɗaya a duniya cikin taron gama-gari?

Idan ƙarfin abokan karawa kake nufi, Tata Steel ta fi, babu gardama. Idan kuwa wuyar ɗaukar kofi kake nufi, ni a ganina buɗaɗɗiyar gasa mai ƙarfi irin Qatar Masters ta Doha ta fi cin rai. Ga dalilaina.

Mu fara da ƙofar shiga. Tata Steel ana yin ta ne kowane watan Janairu a wani ƙauye na bakin teku mai suna Wijk aan Zee, kuma asalinta tun 1938 ne, lokacin ana kiranta Hoogovens. Babban rukuninta mutum 14 ne, masu shirya gasar ne ke zaɓensu, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, zagaye 13 ke nan. Komai ƙwarewarka, in ba a aiko maka da gayyata ba sai kallo. Qatar Masters kuwa an fara ta a 2014, aka sake a 2015, sannan ta yi shiru har 2023. Ita kai ne za ka kai kanka. Amma kada kalmar buɗaɗɗiya ta ruɗe ka: an sa ƙa'idar cewa sai mai makin Elo, wato makin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi, kusan 2300 zuwa sama, wanda a ƙasashe da yawa mai irin wannan maki zakaran ƙasa ne. Gasar Aeroflot ta Mosko ma a da ta fi tsanani, domin babban rukuninta daga 2550 yake farawa a lokacin. Mutum sama da ɗari ne ke zama a zauren Doha, da yawansu masu muƙamin GM, wato babban gwani, kuma zagaye 9 kacal za a yi.

Ta yaya za a fitar da gwani cikin mutum ɗari da zagaye tara? Nan ne tsarin Suwis ya shigo, wanda aka fara amfani da shi a birnin Zurich a 1895. A zagayen farko ana jera mutane bisa makinsu, a raba su gida biyu, rabin sama ya kara da rabin ƙasa. Daga nan kuma wanda ya ci sai ya haɗu da wanda ya ci, wanda ya faɗi ya haɗu da wanda ya faɗi. Ba a fitar da kowa, ba ka haɗuwa da mutum ɗaya sau biyu, kuma kwamfuta na ƙoƙarin daidaita yawan wasannin da ka yi da fararen 'ya'yan wasa, masu fara motsi, da waɗanda ka yi da baƙaƙe. Ma'ana, duk nasarar da ka samu tana ƙara maka wuyar wasan gobe.

Daga wannan tsari ne babban bambancin ya taso, kuma a nan nake so ka tsaya ka duba lissafi. A Tata Steel ta 2024 mutum huɗu ne suka yi kankankan a sama da maki 8.5 cikin 13, Wei Yi na ƙasar Sin ya ci wasan raba gardama. A 2025 ma 8.5 ɗin ne, Praggnanandhaa ya doke Gukesh a raba gardama. Wato kusan kashi 65 cikin ɗari na makin da ake iya samu ya isa a kai ka sama. Mutum zai iya cin wasa huɗu, ya yi canjaras tara, ya koma gida da kofi. A can canjaras da baƙaƙe ba abin kunya ba ne, sakamako ne mai kyau, domin wanda ke gabanka ma gwanin duniya ne. A Doha fa? Yu Yangyi ya ci ta 2014 da 7.5 cikin 9. Carlsen ya ci ta 2015 da 7, bayan raba gardama da shi Yu ɗin. Nodirbek Yakubboev na Uzbekistan ya ci ta 2023 da 7, shi ma sai da ya yi raba gardama da ɗan ƙasarsu Abdusattorov. Kusan kashi 80 cikin ɗari ke nan. Canjaras biyu a farkon gasa sun isa su jefa ka cikin cunkoson tsakiya, alhali wasu sun riga sun yi gaba.

Saboda haka babban ɗan wasa a buɗaɗɗiyar gasa dole ya ci, ko da baƙaƙe yake riƙe, ko da abokin karawarsa ya zo da niyyar toshe ko'ina ya nemi kunnen doki. Mai maki 2500 da ke riƙe da farare, in ya ƙudura ba zai ɗauki kasada ba, karya shi ba ƙaramin aiki ba ne. Sai babban ya kauce wa sanannun hanyoyin buɗe wasa masu aminci, ya shiga wata hanya mai haɗari domin rikita lissafi. To a cikin wannan rikitawar ne shi ma ƙafarsa kan zame. Abin da ya samu Carlsen a zagaye na biyu ke nan a 2023: Alisher Suleymenov, mai maki 2512, ya ba da doki hadaya ya afka wa sarkinsa, ya gama da shi. Daga baya a gasar Karthikeyan Murali na Indiya ma ya doke shi, kuma da baƙaƙe. Carlsen bai shiga goman farko ba. Ko a 2015 da ya ɗauki kofin, wasansa na farko canjaras ya yi da Nino Batsiashvili 'yar Jojiya, wadda ya fi da maki sama da 300.

Akwai kuma asarar makin Elo, wadda ita ce ainihin abin da ke korar manya daga irin wannan fili. Tsarin Elo yana auna tazarar da ke tsakanin mutum biyu ne. In ka fi mutum da maki 200, lissafi na sa ran ka samu kusan kashi 76 cikin ɗari a kansa, don haka canjaras da shi zai rage maka maki biyu da rabi ko fiye kaɗan. In ka fi shi da sama da 300 ya doke ka, maki takwas zuwa tara sun tafi a zama ɗaya, alhali in kai ka doke shi abin da za ka ƙaru da shi bai wuce ɗaya da 'yan kai ba. A gasar gayyata kuwa, tunda kowa kusan sa'an kowa ne, canjaras ba ya taɓa makin kowa sosai. Shi ya sa aka daɗe ana ƙorafin cewa manya goma ko goma sha biyar suna zagaye a tsakaninsu, makinsu na nan a killace, gayyata kuma na ta zuwa musu saboda makin. Ni wannan ƙorafi na yarda da shi. Duk babban da ya sauko buɗaɗɗiyar gasa ya ajiye makinsa a faifai, ina girmama shi, ko da ya sha kashi.

Shiri ma ba iri ɗaya ba ne. Mai zuwa Wijk aan Zee ya san abokan karawarsa 13 tun watanni kafin gasa, shi da mataimakansa da kwamfutocinsu sun tone duk wasannin da kowannensu ya taɓa yi. Mai zuwa Doha kuwa sai da dare, bayan an kammala zagayen ranar, zai ga sunan wanda zai fuskanta gobe. Mai yiwuwa yaro ne ɗan shekara 14 daga Chennai ko Tashkent wanda makinsa bai riga ya kamo ainihin ƙarfinsa ba, wanda kuma ya haddace wasannin babban tun yana ƙarami. Kamar filin dambe ne: shagon da ya yi suna kowa ya san hannunsa, shi kuwa bai san na baƙon da ya fito masa ba.

Batun kuɗi gajere ne. Wanda aka gayyata an ɗauke masa masauki, galibi kuma akwai kuɗin halarta tun kafin ya taɓa doki. A buɗaɗɗiyar gasa 'yan ƙalilan na sama ne ke samun irin wannan gata. Sauran su biya jirgi da otal daga aljihunsu, kuma wanda ya ƙare a tsakiyar tebur zai koma gida da asara.

To me ya sa suke zuwa? Domin nan ce ƙofar. Muƙamin GM yana buƙatar makin 2500 da kuma sakamako na musamman da ake kira nom, galibi sau uku, kowanne ya nuna ka yi wasa a matakin 2600 a gasa mai aƙalla wasa tara, tare da karawa da masu muƙamin da 'yan ƙasashe daban-daban. Shi kansa Carlsen a 2004, yana ɗan shekara 13, ya samu nom na farko a ƙaramin rukunin Wijk aan Zee, na biyu a Aeroflot, na uku a buɗaɗɗiyar gasar Dubai. Gukesh ya kammala nasa a buɗaɗɗiyar gasar Delhi a Janairun 2019 yana ɗan shekara 12. Tun 2022 ma hukumar ces ta duniya, FIDE, ta wajabta cewa aƙalla nom ɗaya ya fito daga gasar tsarin Suwis mai mutum 40 ko fiye. Dubi kuma Arjun Erigaisi: lokacin da manyan gayyatu ba sa zuwa masa kamar yadda suke zuwa wa sa'o'insa, sai ya bi buɗaɗɗun gasa ɗaya bayan ɗaya, yana cin waɗanda dole ya ci, har ya haye 2800 a ƙarshen 2024, ɗan Indiya na biyu da ya yi hakan bayan tsohon zakaran duniya Anand. Likitan nan na Masar, Bassem Amin, ya ci buɗaɗɗiyar gasar Abu Dhabi a 2017, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya haye 2700. Wannan ya shafe mu kai tsaye: Najeriya na da masu muƙamin IM, wanda ke ƙasa da GM, amma har ƙarshen 2024 ba ta samu GM ba, kuma duk yaron da zai fara kawo shi, ta wannan ƙofa zai bi, domin ba wanda zai aiko masa da gayyata kafin ya yi suna.

Mata ma sun ci moriyarta. Gasar Jibralta, wadda aka fara a 2003 mai zagaye 10, ta shahara da ware kyauta mai tsoka ga mata, shi ya sa gwanayensu suka riƙa cika ta. A can ne a 2012 Hou Yifan 'yar ƙasar Sin ta doke Judit Polgar, macen da ta fi maki a duniya a lokacin, ta kuma yi kankankan da Nigel Short a matsayi na ɗaya kafin ya ci raba gardama. Da wuya a ce gasar gayyata ta maza zalla ta ba ta irin wannan dama a lokacin.

Ban ce buɗaɗɗiyar gasa ba ta da aibi ba. Akwai sa'a a cikinta fiye da yadda masoyanta ke son amincewa. Mutum biyu na iya gamawa da maki ɗaya alhali ɗaya ya ratsa ta cikin manya huɗu, ɗayan kuwa ya faɗi da wuri ya lallaɓo ta baya yana cin masu sauƙi. A kowa-da-kowa babu wannan, domin hanya ɗaya kowa ya bi. Haɗin da kwamfuta ke yi ma yakan jawo fushi: a Jibralta ta 2017 Hou Yifan ɗin nan ta miƙa wuya bayan motsi biyar a zagayen ƙarshe, don nuna ɓacin ranta kan haɗa ta da mata sau bakwai cikin wasa tara, ko da yake masu gasar sun ce lissafin kwamfuta ne kawai. A zagayen ƙarshe kuma sau da yawa na kan teburan sama sukan yi canjaras cikin 'yan mintuna don kada kuɗin kyauta ya kuɓuce. Sannan tsaron maguɗi ya fi wuya a zauren mutum ɗari fiye da na mutum goma sha huɗu. A Dubai a 2015 an kama wani GM da na'ura ɓoye a banɗaki, aka ƙwace muƙaminsa aka dakatar da shi shekara uku. Carlsen ma bayan faɗuwarsa a Doha ya koka cewa an bar abokin karawarsa da agogo a hannu, 'yan kallo kuma na yawo da waya, duk da ya fito fili ya ce ba ya zargin Suleymenov da komai.

Wata gada kuma na nan tsakanin ɓangarorin biyu. Shekaru da dama wanda ya ci Aeroflot yakan samu gayyata zuwa babbar gasar Dortmund ta Jamus, kamar yadda wanda ya ci rukuni na biyu a Tata Steel ke hawa babban rukuni a shekara mai zuwa. Tun 2019 FIDE ma na shirya tata babbar gasar Suwis mai zagaye 11, wadda ke ba da gurbi a gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya. Wang Hao ya ci ta farko a tsibirin Man, Firouzja ya ci ta Riga a 2021, Vidit Gujrathi ya ci ta 2023.

In za ka bi su a intanet, ƙanena, kada ka bi su da ido ɗaya. Tata Steel a hankali ake kallonta, wasa bakwai a rana, ka zaɓi ɗaya ka zauna da shi har ƙarshe, za ka koyi yadda ake gina matsayi da yadda ake kare shi. A Doha ko Sharjah ko Reykjavik kuwa ka sa ido a zagaye uku na farko, inda ƙanana ke samun manya a gabansu, sannan zagaye uku na ƙarshe. Yu Yangyi a 2014 yana ɗan shekara 20 ne, kuma a wasanninsa biyu na ƙarshe ya doke Anish Giri, wanda ya fara gasar da cin wasa shida a jere, sannan ya doke tsohon zakaran duniya Vladimir Kramnik. Nemo waɗannan wasannin biyu ka buga su a kan allonka.