Injin niƙa: na gas ko na fetur?

Abokan sana'a sun sha tambayata ko na yi da-na-sanin sayar da ƙaramin injina na fetur da na koma na gas, wato man dizal, wannan mai manyan ƙafafu biyu da muke kira Lista. Ban yi ba. Amma ba kowa zan ce ya bi sahuna ba.

Asalin Lista ƙirar Ingila ce. Nawa irin na Indiya ne da aka kwaikwaya, mai ƙarfin doki 6, yana juyi kamar 650 a minti. Tsohon na feturin kuwa sai ya kai wajen 3,600 kafin ya nuna ƙarfinsa. A kunne ma za ka gane. Idan na juye tiyar masara, na fetur ihu yake yi, ya shaƙe, wani lokaci ya mutu. Na gas muryarsa kawai ke ƙara kauri, tum, tum, tum, ya ci gaba da ja.

Na fetur sai kabireta ta haɗa mai da iska, fulogi ya kyasta musu wuta. Na gas ba ruwansa da fulogi. Iska zalla fistan ke matsewa, ninki 16 ko sama da haka, har ta yi zafi, nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Na fetur matsinsa bai cika wuce rabin hakan ba. Wannan matsin ne ya sa na gas ba ya shan mai da yawa, shi ne kuma ya sa ƙarfensa nauyi. Sai da aka zuba masa kankare aka ɗaure shi da kusoshi, ga duron ruwa a gefe na sanyaya shi. Litar gas ta fi tsada, gaskiya ne, amma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 tazarar ta ragu, kuma a wunin aiki ni nake ganin riba.

Wahalarsa fa? Da asubar hunturu sai ka ɗaga ɗan ƙarfen sakin matsi, ka yi ta murza hannu har ƙafafun su ɗauki gudu, sannan ka sake shi. Yaro ba zai iya ba. In ka bar tanki ya ƙafe, iska ta shiga bututu, sai an kwance an fitar da ita. Gas ɗin bakin titi da aka gauraya da kananzir ya taɓa ci mini nozul, kuɗin gyaran ya isa sayen fulogi kwali guda. Ga baƙin hayaki, mai garin tuwo ba ta son warinsa, dole na fitar da salansa ta bayan shago.

Mai markaɗen tattasai da waken ƙosai, da ke kunnawa yana kashewa, ya zauna a kan na fetur, kowane mai gyaran babur zai duba masa. Wanda buhunan dawa da masara ke jiransa tun safe har magariba ya nemi na gas, ya kuma riƙa tace mai da kyalle mai tsabta kafin ya zuba a tanki.