Zoben aluminiyam a bakin kibiyar kabon: abin da na gani bayan wata 8

Jama'a na daɗe ina so in yi maganar aikin nan na sa wa kibaina na kabon zoben aluminiyam a baki don hana su tsagewa, amma nace bari sai na wahalar da kibau ɗin sosai tukuna, don kar in zo in yabi abu sati biyu da karɓa daga baya ya bani kunya. Yanzu wata 8 kenan, an sha sanyi an sha zafi da su, to ga yadda ta kaya.

Ni a jihar Fensilbaniya nake a nan Amurka, kuma harbin gargajiya nake yi, wato baka zalla ba saiti ba tayoyi, daga katako sai tsirkiya. Bakana mai lanƙwasassun kunnuwa ne, nauyin jansa laba 45 a inci 28, kibau kuma na kabon ne masu lamba 500, wato ma'aunin taurin karan wajen lanƙwasa, tsawon inci 30, da gashin talotalo. Abin da na fi so a harkar shi ne yawon daji ana harbin kututture, ka ga wani ruɓaɓɓen dungu ko ganye a gefen tudu ka ƙiyasta nisa da ido ka saki. Matsalar ita ce dajin jihar nan duwatsu ne a ƙarƙashin ganye ko ina, wanda ya taɓa takawa ya sani, abin da kake zaton tarin ganye ne mai laushi sai kaji ƙas, kaje ka ɗauko kibiya ka tarar bakinta ya buɗe kamar tsintsiya. A shekara ɗaya na yi asarar fiye da dozin a haka, kuma kusan duk a wuri ɗaya suke mutuwa, inci ɗaya na farko a bayan tsini.

Dalilin ba boyayye bane idan ka kalli yadda aka haɗa kibiyar. Karan kabon bututu ne, a bakinsa ana cusa wani ɗan ƙarfe da gam wanda ake ce wa insat, a cikinsa ake murɗa tsinin. Idan tsini ya daki dutse ya tsaya cak, karan bai tsaya ba yana nan tafe da ƙarfinsa, sai gam ɗin ya saki, ƙarfen ya nutse ciki ya zama kamar weji ya tsaga bututun, domin yawancin zaren kabon ɗin a tsaye yake shimfiɗe bin tsawon kara, yana da ƙarfin gaske ta wajen lanƙwasa amma ta wajen buɗa shi daga ciki bashi da wani kirki. Kamar dai kara ko gora, ka gwada karya ta a kwance ka sha wuya, ka sa mata wuƙa a baki ka danna sai ta tsage har ƙasa.

Maganin da masu harkar ke yi suna ce masa futin. Ana yanko guntun tsohuwar kibiyar aluminiyam wadda ta ɗan fi karan kabon ɗin faɗi, a zura ta a bakinsa daga waje a manne, ta zama zobe ta ɗaure bakin. Ranar da na fara ganin abin a hannun wani a filin harbi wallahi sai da na tuna kwarin wani kawuna a ƙauye, don kiban maharbanmu na kyauro ne, ana soka ƙarfen a bakin kyauron sannan a naɗe wurin tam da jijiya, ba don ado ba, don kar ƙarfen ya tsaga karan in ya daki ƙashi. Ko zoben da maƙeri ke sa wa ƙotar wuƙa ma aikinsa kenan. Su ma Turawan Ingila tun zamanin kiban katako suna haɗa itace mai tauri a gaban karan mai laushi, daga can sunan ya samo asali. Tsohuwar dabara ce aka sauya mata kaya kawai.

Wanda ya yi min aikin wani dattijo ne mai ɗan ƙaramin shago a bayan gidansa, kamar tafiyar minti 40 daga inda nake, gyaran baka da ɗaura gashi yake yi. Na kai masa sababbin kibau 12 nace ya yi wa 6 ya bar 6 yadda suke, don ina so in gani da idona ba labari ba. Dala 4 ya caje ni kowace ɗaya har da kayan aiki.

Abin da ya fara burge ni bai tambaye ni sunan kamfani ba ma, ma'aunin kauri ya ɗauko ya auna karan, ya samu 0.291 na inci, sai ya jawo wani bokiti cike da karyayyun kiban aluminiyam na Easton XX75 da mutane suka zubar. A nan ya koya min karatun lambobin da ke jikinsu, kuma wannan kaɗai ya isa kuɗin man da na ƙona. Lamba biyun farko faɗin waje ne a ma'aunin kashi 64 na inci, biyun ƙarshe kuma kaurin bangon ne a kashi 1000. To 2117 na nufin faɗi 21/64, wato 0.328, bango 0.017, ka cire bango sau biyu sai ramin ciki ya zama 0.294. Nawa karan 0.291 ne, kaga ratar 0.003 ce kawai, daidai wurin da gam zai kwanta. Da karan ya fi haka kauri sai a koma irin su 2216 mai rami wajen 0.312. Yace kar in taɓa yarda da jerin da ake yawo da shi cewa kaza na shiga kaza, don kara biyu masu lamba 500 daga kamfani biyu ba lallai kaurinsu ya zo ɗaya ba, a auna shi ne magana. Zobe ya shiga da ɗan turawa da yatsa, in yana girgiza ya yi yawa, in sai an buga da guduma zai kankare fatar kabon ɗin.

Inci ɗaya da rabi ya yanka min. Na so inci ɗaya don gudun nauyi sai yace a'a, dole zoben ya wuce inda insat ya ƙare a ciki, in suka ƙare a layi ɗaya ka haɗa wa karan wurin karyewa da hannunka. Ya goge bakin karan sama-sama da samfefa mai laushi, iya dai ƙyallin ya tafi, ya goge cikin zoben shima, ya wanke duka da sifirit, sannan ya kwaɓa gam mai haɗi biyu wanda ke jan lokaci kafin ya kama. J-B Weld ya yi amfani da shi, irin wanda ke ɗaukar awa 4 zuwa 6 kafin ya tsaya kuma sai ya kwana ya yini ya gama ƙarfi. Mu da muka taso da Araldite mun san irinsa, mai jinkirin ba mai minti 5 ba. Sufa gulu yace a manta da shi a wannan wurin, yana bushewa kamar gilashi ne, duka ɗaya mai kyau ya farfashe. Har insat ɗin ya cire ya sake mannewa da gam ɗin nan, a cewarsa zobe a waje ba tare da gam na kirki a ciki ba rabin aiki ne.

To sakamako. Cikin 6 ɗin da ba a taɓa ba, 4 sun tsage a baki, ɗaya tun fita ta biyu. Cikin 6 masu zobe ba ko ɗaya da ta tsage a baki, ko ɗaya. Akwai ranar da na harbi wani dungu a bakin rafi ashe dutse ne gansakuka ta rufe, tazarar bata fi yadi 15 ba, kibiyar ta yi tsalle ta dawo baya har nok ɗin gindinta, wato ɗan abin da ke kama tsirkiya, ya fice ya ɓata, na ɗauko na tarar tsinin ƙarfen ya baje ya karkace amma karan lafiya lau, na lanƙwasa shi ta ko ina ban ji ƙara ba, na canja tsini na sa sabon nok, har yau tana cikin kwarina. Wannan dukan da a ce ɗaya daga cikin marasa zoben ce da tuni ta zama shara.

Amma ɗaya ta karye fa, kuma ina so a ji wannan da kyau. Ta goga gefen bishiya ne a karkace, ba gaba da gaba ba, sai ta ɓalle daidai bayan zoben. Zobe yana maganin dukan da ya zo ta tsini ne, dukan gefe kam ƙarfin sai ya matsa ya sauka inda aluminiyam ɗin ya ƙare. Don haka kar wani ya sa zobe ya daina duba kibansa. Duk kibiyar da ta daki abu mai tauri ka riƙe ta baki da gindi ka lanƙwasa a hankali kana juyawa kusa da kunne amma nesa da ido, in kaji ƙas-ƙas ko kaga layin tsaga ka karya ta gaba ɗaya ka jefar, domin kabon mai rauni yana iya tarwatsewa a lokacin saki ya shige bayan hannun da ke riƙe da baka, kuma tsiraransa ba sa fita cikin sauƙi. Wannan ba abin wasa bane ko kaɗan.

Inda aikin dattijon ya gaza kuma zan faɗa. Kwana 5 yace, sai da aka yi sati biyu. Wannan na haƙura, mutum ɗaya ne kuma lokacin farautar barewa ya matso kowa ya kawo masa aiki. Wanda ya fi damuna shi ne guda biyu bai dashe bakin zoben na baya ba, ya bar shi da kaifi, sai ya zama in na harbi buhun gwaji na zo zarewa yana kamawa yana jawo zaren buhun, a taget ɗin soso ma yana yago shi, kuma a filin harbi na ƙungiya ba wanda zai so kana lalata musu kaya. Na mayar masa ya gyara da magagari nan take bai karɓi ko sisi ba, ya ba da haƙuri, amma da tun farko aka yi da ya fi. Sannan bai gaya min cewa tsinina na 5/16 zai yi wa zoben ƙanƙanta ba, zoben 21/64 ne, sai bakinsa ya fito ya yi ɗan tudu a bayan tsini, dole na sayo tsini masu faɗin 21/64 aka samu suka daidaita sumul. Ƙaramin kuɗi ne amma mai zuwa ya sa shi a lissafi.

Maganar tashin kibiya kuwa, wadda ita ce ta fi tsorata ni da farko. 2117 nauyinsa giren 12 ne a kowane inci, giren kuwa ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna kibau da shi, inci ɗaya da rabi giren 18 kenan, giram ɗaya da ɗan ɗoriya, in ka haɗa da gam ka ce 20. Na cire wa ɗaya gashi na harba tsirara a yadi 20 don in ga ko ƙarin nauyin gaba ya sa karan ya yi laushi, ɗan kaɗan ya nuna, da gashi kuwa ban ga komai ba, tare suke taruwa da sauran. Sai a wajen yadi 35 zuwa 40 na fara ganin suna ɗan sauka ƙasa. Ni da nake ja inci 28 da kibiya inci 30 zoben baya kaiwa kan kantar baka, wato inda kibiya ke kwanciya a jikin bakan, amma wanda ya yanke kibansa daidai wa daida zai ji shi yana karo da kanta a ƙarshen ja, to ya kula, ko ya rage tsawon zoben ko a dashe shi sosai.

Masu farauta da baka su sun fi mu buƙatarsa ma. Dakta Ed Ashby da ya fara bincike kan yadda kibiya ke ratsa manyan namun daji a yankin Natal na Afirka ta Kudu a shekarun 1980, abin da ya sa a sahun farko cikin sharuɗɗansa shi ne kibiya ta tsaya da ƙarfinta daga tsini har gindi, in wani wuri ya karye ko ya lanƙwashe a kan ƙashi to sauran lissafin duk ya tashi a banza. Wanda kuma harbinsa a ɗaki ne kan soso daga yadi 18 zuwa 20, gaskiya ya riƙe kuɗinsa, ba abin da zai ƙara masa.

'Yan uwa na gida da suka fara harkar nan saboda raya sunna, na san samun tsohuwar kibiyar aluminiyam zai yi wuya. Na gwada naɗe bakin wasu kibau guda biyu da zaren tsirkiya mai ƙarfi na shafe da gam mai haɗi biyu, irin na kawu dai, yana taimakawa sosai amma ƙasa da tsakuwa na cinye shi, sai an riƙa sabuntawa. In an samu mai tahowa a roƙe shi ya riƙo kara ɗaya na aluminiyam, guda ɗaya zai fitar da zobe kusan 20, amma a auna kaurin kabon ɗin kafin a faɗi lamba. In za a yanka da abin yankan bututu a sani yana matse bakin ciki, sai an kankare kafin ya shiga. Kuma kar a kusantar da wuta jikin kabon don cire komai, zafi na kashe gam ɗin da ya riƙe zarensa.

Guda biyun da suka tsira cikin marasa zobe na riga na mayar wa dattijon, da sabon dozin, wannan karon nace ya sa min ɗan siririn zobe kwata na inci a gindi wajen nok shima, kuma na tuna masa maganar dashe baki tun kafin in fito daga shagon.