Injin watsa takin doki: mai taya ko mai sandar tarakta?

Alhaji, ka ce dawaki shida gare ka a barga cikin Katsina, gonarka tana hanyar Kaita, kashi ya taru har maƙwabta sun fara maganar ƙuda. An nuna maka ƙananan injinan watsa taki iri biyu, wanda tayoyinsa ke motsa shi da wanda ake haɗawa da sandar bayan tarakta (ƙarfen da injin tarakta ke juyawa), kana son sanin wanda za ka ɗauka. Na yi damina huɗu da mai taya, mai sanda kuma na sha tsayawa a kansa a gonar wani abokina wajen Daura.

Mu fara da yawan kashin. Doki mai nauyin kilo 450 yana zubar da kashi wajen kilo 14 a rana, ban da fitsari kusan lita 9. Namu na hawan sallah galibi ba su kai wannan nauyi ba, amma ko an rage, shida za su ba ka kilo 60 kullum, wato sama da tan 20 a shekara, kafin a sa ragowar harawa da yashin da yaran barga ke kwasowa tare. Ƙaramin injin yana cin kamar lita 700, baro bakwai zuwa takwas ke nan. Don haka aikin ya kai a nemi inji. Mai doki biyu dai zan ce masa ya riƙe mangalarsa da amalankensa, ya sa kuɗin a dusa.

Jikinsu duk ɗaya ne. Akwati ne a kan taya biyu, a ƙasansa akwai sarƙa biyu da sanduna a gicciye suna jan taki baya sannu a hankali, a can baya kuma ƙarfe mai haƙora yana juyawa, yana farfasa curi yana watsawa. Inda suka rabu shi ne wurin samun ƙarfi.

Mai taya ba ya neman inji ko kaɗan. Taya ta juya, sarƙa ta tafi, haƙora su yi aiki. Taya ta tsaya, komai ya tsaya. Tsohuwar dabara ce: irin wanda Joseph Oppenheim ya fitar a jihar Ohio ta Amurka a 1899 dawaki ke jan sa, kuma manoman Amish har yau haka suke yi. A can yanzu babur mai ƙafa huɗu ko ƙaramar tarakta ake ɗaura masa. Mu nan, mai walda ya ƙara masa dogon hannu ya kai karkiya, shanun huɗa biyu suna jan sa lafiya lau. Sai dai tafiyar shanu a hankali take, saboda haka watsin ba ya faɗi sosai, sai ka matso da layuka kusa da juna. Ni wannan bai dame ni ba, don takin yana sauka bai ɗaya, ba irin na shebur ba da za ka ga gero ya yi duhu a inda tsibi ya zauna, taku biyar gaba kuma ya yi ja.

Rauninsa a ƙasarmu jigawa ce. A watan Afrilu, lokacin da yashi ya saki, in ka cika shi maƙil sai taya ta riƙa ja a ƙasa ba ta juyawa. Kana gaba kana zaton aiki na tafiya, ka waiwaya ka tarar ba abin da ya sauka. Maganinsa taya mai manyan haƙora irin ta tarakta, da lodin da bai wuce bakin akwati ba, a fara zubawa daga gaba zuwa baya. Kuma ba ya sauke kaya a tsaye. In tsibi kake so, sai shebur.

Mai sanda bai san wannan matsala ba. Ƙarfinsa daga injin tarakta yake zuwa, sandar tana juyi 540 a minti, ko yashi ko laka bai shafe shi ba. Yana narka takin da ya daskare ya yi tauri, yana iya tsayawa wuri ɗaya ya tara maka tsibi. A aiki ya fi ƙarfi, wannan ba gardama. Amma sai da tarakta, sai da gas, ga akwatin giya da in ya lalace ba kowane bakanike ke taɓa shi ba. In taraktar haya ce kake dogaro da ita, ka san yadda ake layinta daga Mayu zuwa Yuni, daidai lokacin da kake son takin ya sauka kafin ruwan shuka.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Juyi 540 a minti, juyi tara ke nan a daƙiƙa ɗaya. Sandar nan in ta kama bakin babbar riga ko jelar rawani, mutum ba ya samun damar ko ihu. Na ga direba ya cire murfin robar da ke rufe ta don ya tsage, yana tsallake ta da doguwar riga tana juyawa. In ka ɗauki mai sanda, murfin nan kada ya bar jikinta, kuma ba mai zuwa bayan inji sai an kashe tarakta. Dukansu biyu suna harba tsakuwa, don haka yaran da ke bin baya suna kallo a kore su nesa.

Kulawa kuwa, nan ne injin ke rayuwa ko ya mutu, kowanne ka saya. Dawakinmu a turke suke kan yashi, yashin nan kuma yana shiga taki, ya ƙara nauyi, ya riƙa cin sarƙa da boris kamar ana goga su da dutse. Ka sa yara su riƙa kwashe kashi da manjagara maimakon su kankaro ƙasa da shebur. Sai igiyar ɗaurin harawa da leda da tsumman buhu: suna naɗewa a jikin ƙarfen haƙora har su shige gefen boris. Duk yamma sai na zauna da wuƙa na yanke su. Fitsarin doki yana cin ƙarfe, saboda haka kada taki ya kwana a ciki. A share, a wanke, a bari ya bushe, sannan giris a duk inda aka yi masa baki, mai kaɗan a sarƙa. Na ce kaɗan, don a lokacin hunturu mai da ƙura in suka haɗu sun fi rashin man ɓarna. In da zaɓi, ɗauki mai daɓen roba ko katako, ba ya tsatsa. A ajiye shi a rumfa.

Shekarata ta biyu, rabin bulo ya shiga lodi ban gani ba. Na ji ƙas, sarƙar gefe ɗaya ta tsinke, sandunan suka karkace, akwati cike. Da hannu muka sauke shi cikin rana. Wani mai walda ya like gaɓar, bayan sawu uku ta sake ɓallewa a wurin. Daga nan na koyi ajiye gaɓoɓin sarƙa na canji. Mai sanda yana da ƙaramin noti da aka yi shi don ya karye in abu ya cije. In ya karye a sa irinsa, kada a sa mai tauri, don giya ce za ta biya.

Abu ɗaya da inji ba zai yi maka ba: ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa. Kada a watsa shi inda dawaki ke kiwo. A tara shi, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa. In cikin tsibin ya ɗau zafi ya haura digiri 55, yawancinsu sun mutu, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙi mai laushi. Irin wannan ne ma mai taya ya fi jin daɗin watsawa.

Don haka, Alhaji, in ba taraktarka ce ke kwana a gona ba, ɗauki mai taya. Kada kuma ka riƙa jan sa a kwalta daga gari, ƙananan tayoyin ba na doguwar tafiya ba ne. Amalanke ko tifa ta kai kashin gefen gona ya ruɓe a can, injin ya zauna can. Ranar ciniki ka ce a haɗa maka da gaɓoɓin sarƙa da boris biyu na ajiya, ka kuma duba ko girman tayar ana samun irinsa a kasuwar Katsina kafin ka biya.