Martadela, foloni ko bolonya: wacce za ki sa wa yara a burodi?

Duk uwargidan da ke haɗa wa yara abincin makaranta da sassafe ta san ranar wannan jan nama mai laushi da ake yankawa fale-fale a sa tsakanin burodi. Sunayensa da yawa: martadela a Italiya da ƙasashen Larabawa, bolonya a Amurka, foloni a Afirka ta Kudu, lanshon a Masar. Yadda ake yinsa kuwa kusan ɗaya ne. A niƙe nama lilis har ya koma kamar ƙullun ƙosai, a zuba gishiri da kitse da ƙanƙara da kayan ƙamshi, a ɗura a doguwar leda, a dafa. Bambancin yana wurin irin naman da aka niƙa, da kuma abin da aka cuɗa a ciki don ya yi auki, kuma da zarar an niƙe ido ba ya iya tantance ko ɗaya.

Ta asali ita ce ta birnin Bolonya na Italiya, wadda tun 1661 aka kafa dokar yadda za a yi ta, Tarayyar Turai kuma ta ba sunanta kariya a 1998. Zallar alade ce, fararen ɗigon da ke jikinta ma kitsen wuyan alade ne, don haka ga Musulmi magana ta ƙare. Haka doktorskaya ta Rasha da aka fara yi a 1936, alade ya fi yawa a cikinta. Bolonyar Amurka galibi haɗin kaza da alade ce, wadda aka yi da naman sa zalla ma sai an tambayi wanda ya yanka san.

Ni dai tawa ita ce martadelar naman sa irin ta Larabawa, wadda ake sayarwa dunƙule a rufe, ba yankakkiya ba. Mutanen Falasɗinu da Jodan sun daɗe a wannan sana'a. Kamfanin Siniora tun 1920 ya fara a birnin Ƙudus, har ta kai a can wasu martadelar kanta suke kira da sunansa. Abin da ya sa na fifita ta, a kasko ake ganinsa. Ki yanka ta da ɗan kauri ki ɗora a wuta ba tare da mai ba: kitsenta zai fito da kansa, gefenta ya ɗan nannaɗe ya yi ƙus-ƙus, ƙamshin nama ya tashi, kuma ba ta narkewa. A wainar ƙwai tana tsayawa gutsure-gutsure yadda kika yanka ta. A soyayyiyar shinkafa ko taliya, ki fara soya ta da albasa da attaruhu kafin komai, sannan ki rage gishiri da dunƙule, domin ta zo da nata gishirin. Lokacin azumi kuwa ta sha fitar da ni kunya a sahur, burodi da tumatir da yanka biyu, an gama. Tana zuwa iri-iri, akwai wadda ba a sa mata komai ba, akwai mai masoro, mai zaitun, da mai fistashiyo, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa. Mai masoro ce ta fi shiga girkinmu, don tana jure yaji. Mai zaitun ta fi daɗi a ci da sanyinta, yara dai kan tsince zaitun ɗin su zubar. Mai fistashiyo kuwa ƙawa ce kawai ake biya wa kuɗi.

Ta kaza ta fi araha, kuma da dalili. Da yawa daga cikin masu arhar ana yin su ne da ragowar naman da inji ke matsewa daga jikin ƙashi bayan an cire tsoka, sai a cike da sitaci da waken suya da ruwa. Na taɓa sayen irinta a wani kanti, ina ɗora ta a kasko ta saki ruwa ta manne, abin da ya rage ya fi kama da gari fiye da nama. Tun daga nan jerin kayan haɗi nake fara dubawa kafin farashi. Ta talotalo salam take, ba ɗanɗano. Ta gwangwani gishiri ya yi mata yawa, amfaninta ɗaya, ba ta buƙatar firiji kafin a buɗe, sai dai a kula don fitacciyar cikinsu, Spam, alade ce.

Karanta jikin leda ba wuya. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka idan kika ga ruwa da sitaci sun biyo bayan nama kai tsaye, ki mayar. Masu gaskiya sukan rubuta kashi nawa ne nama. Sannan ki nemi alade da kowane harshe ya ɓuya: pork da lard a Turanci, porc a Faransanci ga masu sayayya a Yamai da Maraɗi, suino ko maiale a Italiyanci, Schwein a Jamusanci. Kada hoton saniya a gaban leda ya ruɗe ki, ana iya yin ta da naman sa a ƙara mata kitsen alade, ko gelatin, wato sinadarin da ake samu daga fata da ƙashin dabba, da ba a faɗi daga wace dabba ya fito ba. Idan a Najeriya kike, ki duba lambar NAFDAC.

Rubutun ma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. A 2013 masana a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu sun sanar cewa sun gwada samfur 139 na sarrafaffen nama, suka tarar kashi 68 cikin ɗari suna ɗauke da abin da ba a rubuta ba, ciki har da alade da jaki da akuya. A shekarar ne kuma aka gano naman doki a kayan da ake sayarwa da sunan naman sa a Turai. In haka ta faru a inda ake da ɗakunan gwaji, ina ga kayan da ba a san ta inda suka shigo ba? Kalmar halal ita kaɗai a jikin leda ba shaida ba ce, kowa na iya buga ta. Wadda ake yarda da ita tana ɗauke da sunan hukumar da ta tantance, kuma an buga ta ne tare da ledar, ba sitika aka manna daga baya ba. Haka ranar lalacewa: in kika ga an liƙa wata a kan wata, ko tawada ta goge a daidai wurin, ki wuce.

Wannan ne ya sa ba na sayen wadda ake yankawa a kanti a naɗe a leda. Ba suna, ba kwanan wata, kuma a kantunan da ke sayar da na alade, inji ɗaya kan yanka duka. Ko kin tambaya, yaron kanti cewa zai yi an goge.

Babban haɗarin dai yana wajen ajiya a sanyi ne. Wannan nama dafaffe ne, ba a sake dafa shi ake ci, kuma ƙwayar cutar listeriya tana iya yaɗuwa ko a cikin firiji. Tsakanin 2017 da 2018 ta kama mutum fiye da 1,000 a Afirka ta Kudu, fiye da 200 suka rasu, da yawansu jarirai. A watan Maris na 2018 ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya sanar cewa an gano tushenta a foloni daga masana'antar Enterprise ta kamfanin Tiger Brands da ke Polokwane. Mu da ake ɗauke wa wuta a kowane lokaci, sai mu ƙara lura. Ki taɓa ledar ki ji sanyinta. In ta kumbura, ko ruwa mai yauƙi ya taru a ciki, ko naman ya fara toka-toka, ta sha zafi a wani wuri. Ki fi yarda da kantin da kika san janaretansa ba ya hutawa, kuma ki ɗauko ta a ƙarshen sayayya, ba ki yi ta yawo da ita a mota cikin rana ba. Da an buɗe, kwana uku zuwa biyar ne iyakarta a firiji. In dunƙulen ya yi wa gidanki yawa, ki yanka ki kasa a ƙananan ledoji ki jefa firiza. Mai juna biyu da tsofaffi kuwa kada su ci sai an soya ta har tururi ya tashi.

Ko tawa da nake yabo ba abincin kullum ba ce. A 2015 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cin giram 50 na sarrafaffen nama kowace rana yana ƙara haɗarin dajin hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari, kuma giram 50 ɗin nan yanka biyu ne masu kauri. Don haka ki sayi ƙaramin dunƙule na naman sa mai masoro, ko da ya fi na kaza tsada, ki sa wa yara sau ɗaya ko biyu a mako, sauran ranakun ƙwai da wake da kifi su karɓi aikin.