Devdas Guda Uku: Wanne Za Ka Ce A Tura Maka?

Duk inda masu kallon fim ɗin Indiya suka haɗu aka ambaci Devdas, musun ba ya wuce fuska: wane ya fi wane kyau, wance ta fi wance ido. Shi kuwa wanda zai kashe data ko ya miƙa memori a shagon tura fina-finai, sai ya fara sanin wanne yake so, domin an sha maimaita labarin, kuma kowanne da irin kyan da yake tallatawa.

Asalinsa littafi ne na harshen Bengali wanda Sarat Chandra Chattopadhyay ya wallafa a 1917. Devdas, ɗan masu hali, ya taso tare da Paro, 'yar maƙwabta. Gidansu suka ce ba sa'arsa ba ce, aka aurar da ita ga wani attajiri da matarsa ta rasu ta bar manyan 'ya'ya. Shi kuma ya faɗa shan giya, wata mai rawa, Chandramukhi, ta kamu da sonsa, daga ƙarshe ya mutu a ƙofar gidan Paro. Wato jarumin mutum ne da ke lalacewa a gaban idonka, saboda haka fuskar da ta dace da shi ita ce wadda za a ga ramewa da nadama a kanta.

A nan na 1955 ya yi zarra. Bimal Roy ne ya ba da umarni, hoton baƙi da fari ne, tsawonsa ya haura awa biyu da rabi kaɗan. Dilip Kumar, wanda sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, ba ya ɗaga murya. Gashi ya zubo masa a goshi, idanu sun faɗa, yana magana ƙasa-ƙasa. Suchitra Sen ta fito a Paro da kwalliya kaɗan, har ka yarda 'yar ƙauye ce mai ji da kanta. Vyjayanthimala ce Chandramukhi, kuma da aka ba ta kambun Filmfare, lambar yabon fina-finan Indiya, na mataimakiyar jaruma sai ta ƙi karɓa, a ganinta matsayinta bai gaza na babbar jaruma ba. Mai gajen haƙuri zai ce fim ɗin na jan ƙafa, kuma bai yi ƙarya ba.

Abu biyu ke ɓata kwafinsa. An ɗauke shi a tsohon fasalin allo mai kusan murabba'i, to wasu sukan ja hoton don ya cika wayar zamani, sai fuskoki su yi faɗi, Dilip Kumar ya koma kamar mai ƙiba alhali labarin na cewa ciwo na cin sa. Idan ka ga baƙin fili dama da hagu, kwafin daidai yake. Na biyu, fassara. Rabin farin jinin wannan jarumi a muryarsa da shirunsa yake, muryar mai fassarar Hausa kuwa takan danne su duka. Gara mai rubutun fassara a ƙasa. Ta fuskar data shi ne mafi sauƙi, 480p ya wadatar.

Na 2002 shi ne wanda aka fi sani a ƙasar Hausa, kuma kansa ake yawan musun. Sanjay Leela Bhansali ya kashe kuɗin da a lokacin ba a taɓa kashe wa fim ɗin Indiya ba, aka nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Shah Rukh Khan yana da shekara 36, ya fito a matsayin wanda ya dawo daga karatu a Landan, alhali a littafin birnin Kalkata na Indiya aka tura shi. Aishwarya Rai, sarauniyar kyau ta duniya ta 1994, ita ce Paro, Madhuri Dixit kuma Chandramukhi.

Ra'ayina, Aishwarya ta yi wa matsayin kyau da yawa. Yarinyar da ake cewa gidansu bai kai ba, ga ta cikin gwala-gwalai a gida mai tagogin gilashi kala-kala. Da wuya ka ga talaucin da ya hana auren. Shah Rukh ma ko a cikin maye rigarsa fes take. Madhuri ce ta fi zama daram, domin sana'ar Chandramukhi ado da rawa ce, ga shi ta ƙware a rawar gargajiyar Indiya ta Kathak, tana magana da gira da ido. Rawar da matan biyu suka yi tare babu ita a littafin, ƙarin darakta ne, amma ita ce wurin da mutane ke maimaitawa. Ka lura da tabon goshin Paro: a na 1955 da sanda Devdas ya yi mata shi, a na 2002 da sarƙar wuya. Wannan kaɗai ya nuna maka bambancin fina-finan biyu.

Wannan fim ba ya jure matsi. Tsawonsa ya ɗan haura awa uku, cike da jan launi da hasken fitilu cikin duhu, su ne kuwa farkon abin da ke farfashewa idan aka matse fim. Kwafin megabait 300 zai ba ka fuskoki a dagule, launin idon Aishwarya da ake ta magana a kai ma ba za ka gan shi ba. Nemi 720p zuwa sama, ka tanadi fili fiye da gigabait ɗaya. Shi fassarar Hausa ba ta cutar da shi sosai, don maganganunsa dama da ƙarfi ake yin su.

Na uku shi ne Dev.D na 2009, na Anurag Kashyap, wanda ya dawo da labarin Punjab da Delhi na zamanin wayar hannu. Abhay Deol ya fito a sangartaccen yaro mara kwarjini, kuma da gangan ne. Mahie Gill da Kalki Koechlin ma ba a yi musu kwalliyar sarauta ba. Akwai ƙwaya da batsa a ciki, na manya ne zalla, kada a kunna shi a falo gaban yara ko surukai. A nan jarumin bai mutu ba.

Mai son labari da wasan fuska ya ɗauki na 1955. Mai son ado, rawa da kallon iyali ya ɗauki na 2002. Kafin ka biya, ka ce wa mai shago ya nuna maka shekarar fim ɗin, domin sunan na 1955 da na 2002 ɗaya ne, sannan ya duba tsawon lokacin: na 2002 da bai kai awa uku ba mai yiwuwa an yanke masa wani abu. Ka sa ya tsallaka zuwa minti goma na ƙarshe, inda Paro ke gudu ana rufe ƙofar gidan, ka tabbatar murya na tafiya daidai da baki.